Buhun Kujerar Gaba

Litinin, 6 ga Mayu 1957, ƙarfe bakwai na safe

Na buɗe wannan littafi domin masu binciken tarihi, kada haƙiƙanin al'amari ya salwanta a bakin 'yan kasuwa. Ni ne Irmiya ɗan Haggai, mataimakin mai duba gine-gine a ofishin ayyuka na Kontagora, wanda ya dawo daga Zariya wata biyar da suka wuce da takardar shaidar ilmin handasa.

A rubuta cewa ni na zo da hoton. Na yanke shi daga wata mujallar Ingila: tarago cike da mutane yana gangarowa bisa dogo daga ƙololuwa, kowa baki buɗe. Na nuna wa Luka, bakaniken garejinmu, mutumin Auna, wanda karatunsa bai wuce aji biyu na elementare ba. Ya juya hoton sama da ƙasa, ya ce ai akwai ƙarafan dogo da tarago a tsohon ramin zinariya da aka rufe, suna tsatsa a banza. Di'o, Baturen mulki wanda gari ke kira Mai-Lofe, ya ba da izni a kafa abin a gangaren tudun bayan filin makaranta, a buɗe shi Ranar Empaya, bukin daular Ingila, ashirin da huɗu ga wata.

Na raɗa masa suna mai dacewa da martabarsa: Na'urar Gangara da Hauhawa Bisa Ƙa'idar Rinjayen Ƙasa. Na rubuta a allo da fenti, na kafa a bakin fili.

Gari duka yana cewa Jirgin Luka.

Talata, 7 ga Mayu, bayan azahar

An gama shimfiɗa dogo. Ƙarti shida ke jan taragon da igiya zuwa kan tudu, a sake shi, ya gangaro, ya haye tozo biyu da aka gina da kyauron giginya, ya sha kwana, sannan ya tsaya a kan shimfiɗa inda aka kafa birki na katako.

Mai-Lofe ya gindaya sharaɗi: ba ɗan adam da zai hau sai taragon ya yi tafiya talatin lafiya lau da buhunan yashi masu nauyin mutane. Kujerun huɗu ne, biyu gaba, biyu baya, kuma an zaɓi huɗun farko. Luka, a matsayin wanda ya ɗaure kusoshi. Ni, wakilin ofis da ilmi. Malama Dorkas, wadda ke koyar da 'yan mata a makarantar mishan. Sai Inna Asibi mai ƙosai, wadda matan kasuwa suka tsayar don ita ta ciyar da leburori tun daga ranar farko.

Ina da niyya in zauna a kujerar gaba tare da Malama Dorkas. Na faɗi wannan a nan sau ɗaya, a fili, kuma ba zan sake maimaitawa ba. Wajibi ne a samu wanda zai riƙa yi mata bayanin ƙa'idojin kimiyya yayin tafiya.

Laraba, 8 ga Mayu, hantsi

Yau aka auna mu a sikelin Baba Sati, tsohon mai awon auduga, a gaban jama'a kamar hatsi. Inna Asibi laba ɗari da casa'in, aka yi mata guɗa. Luka ɗari da saba'in da takwas. Malama Dorkas ɗari da sha shida. Da na hau, Baba Sati ya daɗe yana ƙwanƙwasa sikelin da yatsa, sannan ya tambaye ni ko in riƙo takardar shaidata a ƙara a kai. Ɗari da takwas. Na bayyana wa mahalarta cewa nauyin ƙwaƙwalwa ba ya bayyana a mizanin auduga. Inna Asibi ta ce, "To ɗana, zo ka ci ƙosai ko ya bayyana."

Kowa ya cika buhunsa, aka rubuta sunansa da shuni. Su uku sun ɗebi jar ƙasar gindin tudu, da tsakuwa da komai. Ni kuwa na sa aka kawo mini farin yashin rafi, aka tankaɗe shi sau biyu, domin gwaji na ilmi yana bukatar tsabtataccen abu. An yi dariya. An saba yi wa masu hangen nesa dariya.

Alhamis, 9 ga Mayu, la'asar

Tafiya biyar, duka lafiya.

Wata ɗabi'a ta ɓulla a gari wadda ta cancanci nazari. Mutane sun daina cewa buhu. Sai ka ji ana cewa Asibi ta hau sau biyar yau ba ta yi ihu ba, ko Malam Irmiya ya karkace a kwana. Ana taruwa a bakin igiyar shinge tun kafin la'asar, kowa da hasashensa. Wani ya rantse jirgin ya fi jirgin ƙasan Zungeru gudu. Wani tela ya fara ɗinka huluna masu igiyar haɓa. Tsofaffi sun ce saurin ya yi yawa, jiki zai iso ƙasa ya bar kurwa a kan tudu, sai an zauna an jira ta. Inna Asibi tana sa ran girgizar za ta warware mata ciwon baya na shekara tara. An ce mutanen Kaboji da na Kumbashi za su zo a ƙafa, da guzurinsu.

Na yi ƙoƙarin gabatar musu da taƙaitaccen jawabi kan rinjayen ƙasa. Ina tsakiyar jimla ta biyu taragon ya taso, suka juya mini ƙeya gaba ɗaya.

Luka ya zaunar da kansa a gaba. Da Dorkas. Ni a baya, an jingina ni da Inna Asibi.

Juma'a, 10 ga Mayu, safe

Na tambayi Luka hujjar wannan tsari. Yana kwance ƙarƙashin tarago yana shafa wa ƙafafu man kaɗe, bai ko fito ba. Ya ce, "Injiniya, haka ya fi zama daidai. Babba da ƙarami, babba da ƙarami." Na ce ina neman dalili na ilmi, ba waƙa ba. Ya ce shi dai haka yake ji a hannunsa idan ya tura.

A hannunsa. Na yi shekara uku ina karatu a kan abin da wani ke ji a hannunsa.

Injiniya da yake kira na ma ban tabbata girmamawa ce ba.

Juma'a, la'asar

Tafiya sha ɗaya. "Luka da Dorkas sun sha kwana tare," in ji wani a bayana. Aka yi shewa.

Asabar, 11 ga Mayu, bayan azahar

Malama Dorkas ta zo da ɗalibanta kallo. Ta tsaya kusa da ni, ta ce, "Malam Irmiya, da gaske ne ciki yana tashi ya zo wuya?" Na fara yi mata cikakken bayani, tun daga asalin nazariyyar faɗuwar abubuwa, kuma ina ganin tana fahimta. Sai Luka ya wuce da sifana a hannu ya ce, "Kamar shillo ne, Malama, sai dai ba a dawowa baya." Ta yi dariya har ta rufe baki da littafi.

Na lura ta yi wa buhunta ɗaurin kallabi da wani tsohon ƙyalle shuɗi. A kwana ta ƙarshe buhun nata yakan kwanta a kafaɗar nasa. Kowace tafiya. Na san dalilin, ƙarfin juyi ne ke tura shi gefe, zan iya rubuta lissafinsa a shafi guda. Sanin dalili bai rage mini komai ba.

Sha bakwai.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan sujada

Ba a yi gwaji ba. A coci ma mai wa'azi ya kawo misali da Jirgin Luka. Allon da na kafa, akuya ta goga jikinta ta kayar da shi, ba wanda ya tayar.

Litinin, 13 ga Mayu, la'asar

Ashirin da biyu. Hadari ya fara haɗuwa, don haka Luka ya ɗaure tamfol a kan buhunan, kada su sha ruwa nauyinsu ya canza. A wannan kam na yarda ya yi tunani. Yanzu ba a ganin kowa, sai tudun tamfol yana gudu, kuma hankalina ya ɗan kwanta. Sai dai na san abin da ke ƙarƙashi.

Gobe Mai-Lofe zai zo da kansa ya ga tafiya ta ashirin da uku.

Talata, 14 ga Mayu, tsakar rana

An yi yayyafi, leburori sun tafi cin abinci. Na je filin ni kaɗai domin duba ɗaurin tamfol, wanda yana cikin hurumin aikina. Na tarar da shi a ɗaure. Na bar shi a ɗaure.

Buhu mai laba ɗari da saba'in da takwas yana da wuyar ja fiye da yadda mutum zai zata.

Sau ɗaya kawai. Ba don kowa ya gani ba.

Talata, magariba

Ba zan rubuta komai yau ba.

Laraba, 15 ga Mayu, safe

Maɗori ya ce karaya ɗaya ce, a ƙwaurin Luka, kuma ba ta fasa fata ba. An gode Allah. Yana durƙushe ne a gindin tozo na biyu yana sauraron ƙafafun tarago, kamar yadda ya saba, wurin da ni tun farko ban ga hikimar tsayawa a cikinsa ba. Nan gaban taragon ya ɗaga, ya kauce daga dogo, ya buge shi.

Mai-Lofe ya cire lofensa daga baki, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce an dakatar da komai. Ya ce idan aibin daga ginin ne, za a kwashe ƙarafan a mayar rami, kuma zai sake duba ko wanda ya gina abin da ke tashi daga kan dogo ya cancanci a bar masa motocin gwamnati. Luka yana da uwa da ƙanne uku a Auna.

Ba ni na kafa tozon ba. Ba ni na ɗaure kusoshi ba. Gari duka ya shaida Jirgin Luka ne.

Laraba, la'asar

An ce in rubuta rahoto kan musabbabin abin, tun da ni ne mai takardar shaida. Litinin da safe ake so. Karo na farko ke nan da aka tuna ina da ita.

Alhamis, 16 ga Mayu, hantsi

Waɗanda suka fi kowa ɗoki su suka fi kowa saurin juyawa. Mai rantsuwa da jirgin Zungeru yanzu yana cewa shi tun farko ya ga alamar abin ba zai yi ƙarko ba. Tela ya warware igiyoyin huluna. Tsofaffi sun ce ai sun faɗa. Wani ya tare ni a bakin kasuwa ya ce da an bar wa masu ilmi aikin da ba a kai ga haka ba, ya kira ni Injiniya, kuma a bakinsa girmamawa ce sosai.

Wata biyar ina jiran wannan kalma. Na yi zaton za ta fi haka daɗi.

Na rubuta shafi huɗu. Na yi amfani da kalmar gurguntaccen tsari sau biyu, sannan na ga bai kamata ba, na soke.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan azahar

Na je gaishe da Luka. Yana kwance a tabarma a zauren ƙanen babansa, ƙafa a ɗaure da karare. Malama Dorkas tana wurin, ta kawo kunu a kwano mai murfi. Har a karye ma shi ake kai wa kunu.

Na yi zaton zai yi ƙorafi. Sai ya roƙe ni in zauna, ya jawo tire, ya jera goro huɗu a kai, biyu manya biyu ƙanana. Ya ce kwana uku ke nan yana juya abin a ransa. Tafiya ashirin da biyu gaban taragon bai taɓa ɗagawa ba. Ya ce, "Injiniya, kai ka yi karatun. Duba mini inda na yi kuskure. In nawa ne ka rubuta nawa ne, kada a ɗora mutane su mutu."

Na ce ina kan nazari.

Dorkas ta raka ni bakin ƙofa. Ta ce ta tsinci kallabin buhunta a cikin ciyawa, ta wanke. Ta ce abin mamaki, da ta tsince shi duk ya yi fari da yashi. Ta juya ta koma ciki.

Asabar, 18 ga Mayu, safe

Shafi bakwai. Na kawo tasirin damshi a kan ƙarfe, da raunin kyauron giginya, da ƙarancin ilmin lissafi wajen auna tozo. Kowace jimla a ciki gaskiya ce idan aka ɗauke ta ita kaɗai.

Asabar, la'asar

Baba Sati ya zo ofis. Ya yi sallama, ya tambayi lafiyar mahaifina, ya tambayi aiki. Shi aka sa ya tattara buhunan da suka fashe ya sake aunawa. Ya ɗora wani gwangwanin madara a kan rahotona, cike da yashi. Ya ce a ƙasan kujerar gaba ya kwashe shi, cikin lungun katako inda ruwa bai kai ba.

Na ce ƙarfin karo yana iya watsa abu daga baya zuwa gaba, wannan sananne ne a ilmi.

Ya ce, "Haka ne, ɗana. Sai dai jar ƙasar Luka ban same ta a kujerarsa ta gaba ba ko ƙwaya. Tana baya, ita da ta Asibi." Ya tashi yana gyara hula. "Ni awo na sani. Rubutu naku ne."

Ya bar gwangwanin.

Lahadi, 19 ga Mayu, safe

Ban je sujada ba. Ciwon kai.

Lahadi, bayan azahar

Ɗari da sha shida da ɗari da takwas, ɗari biyu da ashirin da huɗu. Ɗari da casa'in da ɗari da saba'in da takwas, ɗari uku da sittin da takwas.

Babba da ƙarami, babba da ƙarami.

Darasin wata na biyu ne a shekarar farko. Na ci shi da maki mafi yawa a aji.

Litinin, 20 ga Mayu, hantsi

Na miƙa rahoto. Layi uku ne, na faɗi cewa ni na sauya wa buhuna da na Luka kujera. Mai-Lofe ya juya takardar yana neman saura, sannan ya karanta sau biyu, ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaya da Hausarsa ta jarrabawa, "Don mene ne ka yi wannan abu?" Na ce dalilin ba ya cikin fannin handasa.

Abin da ya faɗa bayan haka ya shafi takardun aikina, kuma masu tarihi za su same shi a can. Ƙarin girman da ake maganarsa a watan Yuli ba a maganarsa yanzu.

Ya ce a gyara dogon. A sake gwaji daga ɗaya, talatin cif, kafin Juma'a. In bai cika ba, ba buki.

Litinin, la'asar

Na je zauren wurin Luka. Na shirya jawabi mai sassa uku, na manta shi a bakin ƙofa. Na faɗa masa a tsaye.

Ya kalli ƙafarsa. Sannan ya ce, "Ashe ba tozon ba ne." Ya sake cewa, "Ashe ba tozon ba ne," har da ajiyar zuciya, kamar na kawo masa kyauta. Daga baya fuskarsa ta canza. Ya ce da na tambaye shi kujerar da baki, da ya gaya mini a saka Asibi a gaba da Dorkas, ko ni da Asibi a gaba, amma ni da Dorkas ba zai yiwu ba, ba mu da nauyi. Ya ce in tafi yanzu, yana jin ƙafar tana zafi.

Bai kira ni Injiniya ba. Bai kira ni komai ba.

Talata, 21 ga Mayu, magariba

An ɗauko Luka a kan gadon kara aka ajiye ƙarƙashin ɗorawa, daga nan yake ba da umarni. Mutum ɗaya bai zo igiyar ja ba, na tsaya a gurbinsa. Tafiya tara yau. Tafin hannuna ya ɗuri ruwa.

Gari ya ji. Ba wanda ya ce mini komai, sai Inna Asibi da ta miƙo mini ƙosai a ganye ta ce, "Ci, maras nauyi." Na ci.

Laraba, 22 ga Mayu, magariba

Ashirin. Sabon buhuna, da jar ƙasa na cika shi tun jiya.

Alhamis, 23 ga Mayu, magariba

Talatin. Mutanen Kaboji sun iso, sun sauka a rumfunan kasuwa. Tela ya mayar da igiyoyi. Mai jirgin Zungeru ya ce shi bai taɓa yin shakka ba.

Malama Dorkas ta gaishe ni yau, gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙo.

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan la'asar

An buɗe. Ban san adadin jama'ar ba, har kan bishiyoyi.

Na ɗauka za a cire ni daga huɗun farko. Luka ne ya hana. Ya ce an gwada da nauyina sau talatin, ba zai canza laba ɗaya ba don fushi. Shi kuwa ba ya iya lanƙwasa ƙafa, maɗori ya ce ko kusa. Aka fara neman ƙato mai nauyinsa cikin jama'a, mutum goma suka ɗaga hannu. Ya ce a'a, abin da aka gwada shi za a ɗora. Ƙarti biyu suka ɗauko buhunsa, mai sunansa da shuni, suka zaunar a kujerar gaba, suka ɗaure. Dorkas ta shiga ta zauna kusa da shi. Jama'a suka ɗauki tafi, ana kiran sunan Luka, shi yana can ƙasa a kujera kusa da birki, sanda a cinya.

Ni a baya, Inna Asibi ta cinye kashi biyu cikin uku na benci.

Game da tafiyar kanta, na yi niyyar rubuta cikakken bayani na ilmi. Ba ni da shi. Ciki yana zuwa wuya, gaskiya ne. Kamar shillo ne. Inna Asibi ta kira sunayen 'ya'yanta bakwai a jere, kuma ta ce bayanta ya saki. An ce ni ma na yi wata ƙara, ban ji ba. A tozo na biyu gaban taragon ya zauna daram a kan dogo.

Abin da na gani dai, tun da idona a buɗe yake kuma kujerar gaba tana gabana: da muka tunkari kwana, ta saki ƙarfen riƙo ta rungume buhun.

Buhu ne. Jar ƙasa ce da tsakuwa, ni da kaina na taya cika shi ranar Talata.

Da hannu biyu ta riƙe shi.